Dakta da Jinin da Ya Kwana a Firji

An yi wani mutum a nan garin Jidda. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Waɗanda suka san shi a cikinku za su gane shi tun ban kai tsakiyar labari ba.

Ya zo daga gida da takardarsa ta aikin asibiti. Ba ta likita ba ce, ta masu ɗibar jini ce. Ya samu aiki a wani mustausaf mai zaman kansa a wajen Aziziyya, irin ƙananan asibitocin nan na unguwa. Aikinsa shi ne ya ɗaure wa mutum hannu, ya lalubo jijiya, ya ɗebi jini a 'yar kwalba, ya miƙa ɗakin gwaji. Nan aikinsa ya tsaya. Kuma ya iya shi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Tsohuwar da jijiyarta ta ɓuya, a soke ta nan a soke ta can har ta fara kuka, shi da ya taɓa sai jini ya fito, ba ta ma san an gama ba.

Wanda ya sauke shi lokacin da ya zo baƙo shi ne Malam Jaji, wani dattijon tela mai shago a Bagdadiyya. Ya ba shi wurin kwana, ya ci da shi, ya koya masa Larabcin kasuwa, ya nuna masa inda ake shiga da inda ba a shiga. Da zai ɗauko iyalinsa daga gida, Malam Jaji ne ya yi ta yawo har ya samo masa ɗaki. Baba yake kiransa, kuma ya cancanci sunan.

Ya 'yan uwa, kun san halin da wasu iyayenmu suke ciki a garin nan. Wani kafilinsa da ya tsaya masa ya rasu, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu, ya rasa mai gyara masa. Wata tun tana da ƙarfinta ta zo, yau ta tsufa a ɗaki ɗaya, ba takarda, ba mai tsaya mata. Irin waɗannan ko ciwo zai kashe su ba sa son doso ƙofar asibiti, don tambayar farko da za a yi musu ita ce wadda ba su da amsarta.

To mutumin nan sai ya fara bin su gida yana ɗibar jininsu. Ni ina kyautata zaton da niyyar alheri ya fara. Da yawa daga cikin ramukan da mutane suke faɗawa, bakinsu shimfiɗe yake da kyakkyawar niyya.

Amma akwai matsala. Ɗakin gwaji ba nasa ba ne. Akwai mai kula da shi, wata Balarabiya 'yar ƙasa mai suna Razan, wadda ta yi karatun abin, kuma ba a saka kwalba a inji sai ta san ta waye. Ranar Juma'a ce kawai ba ta zuwa, wurin yakan zama shiru bayan an sauko daga masallaci. Shi kuma ya daɗe yana kallon yadda ake danna injin har ya riƙe.

Sai ya tsara wa kansa hanya. Duk mako yana zagaye, yau Kurayyat, gobe Bagdadiyya. Ya ɗebi jini, ya jefa kwalbar a aljihu, ya ƙarasa yawonsa cikin zafin Jidda da kuka sani. In ya koma gida sai ya buɗe firji ya jera su a ƙofa, tsakanin robar nonon da suke kira laban da ragowar miya. Matarsa Zubaidatu ta yi magana har ta gaji. Ta ce, "Malam, jinin mutane a inda nake ajiye abincin yara?" Ya ce mata, "Ke dai rufe firji, sanyi yana fita." Ran Juma'a sai ya kwashe su a leda ya kai inji.

A tunaninsa abin da ke cikin firji ba ya canzawa. Nama yana kwana a firji, kifi yana kwana, to me zai hana jini?

Ni ba aikina ba ne, amma na zauna da masu sana'ar na tambaye su, ga abin da suka gaya mini. Suka ce jini ba nama ba ne. Nama ya riga ya mutu, jini kuwa ko ya bar jiki ƙwayoyinsa suna nan da rai a cikin kwalba, kuma mai rai sai ya ci. Me za su ci? Sukarin da ke cikin jinin. Shi ya sa da an ɗiba ake hanzarta juya shi a inji, a raba ruwan da ƙwayoyin. In an raba, ruwan yana iya jure firji na ɗan lokaci, wasu abubuwan cikinsa su zauna yadda suke, wasu ma duk da haka ba sa jimawa. In ba a raba ba, zafi yana sa ƙwayoyin su cinye sukarin da sauri, sanyi kuma yana rage musu sauri ne kawai, ba ya hana su. Sannan sanyin da kansa yana sa wani gishiri da suke kira botasiyum ya tsiyayo daga cikin ƙwayoyin ya cika ruwan. Sai ka ga sukari ya sauka, gishiri ya hau, alhali mai jinin yana nan yadda yake.

Wato inji bai yi ƙarya ba. Abin da aka ba shi ya auna. Amma abin da aka ba shi ba jinin mutumin ba ne kuma, wani abu ne da ya zama a cikin firji.

Kun ga abin da zai biyo baya. Duk wanda mutumin nan ya ɗebi jininsa, sukarinsa sai ya fito da kyau. Tsohuwar da aka taɓa gaya wa sukarinta ya yi sama, sai ya dawo mata da albishir: "Hajiya, lafiya lau. Jininki kamar na yarinya." Wa zai ƙi jin wannan?

Magana ta bazu. Mata a wajen suna da biki suna gaya wa juna. "Ke, je ki ya ɗebi naki. Hannunsa albarka gare shi." "Ni fa tun da ya taɓa ni sukarin ya gudu." "Na asibiti tsoratar da mutum kawai suka iya." Aka daina kiran sunansa, sai Dakta. In ya shiga walima a tashi a ba shi wuri kusa da malamai. Wannan ta aiko da turare, wancan ya aiko da dabino. Mutumin da a wurin aikinsa aike ake yi masa, a cikin jama'arsa ya zama wanda ake miƙe wa tsaye.

Har zuwa nan, ya 'yan uwa, ana iya cewa jahilci ne. Jahili yana da uzurin da za a saurara. Ku ji inda uzurin ya ƙare.

Wata Juma'a da la'asar Razan ta biyo ta wurin aiki, ba ranarta ba ce, ta same shi tsaye gaban inji da leda cike da kwalabe. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta a haske. Ta dubi abin da injin ya fitar.

Ta ce, "Wannan jinin na yaushe ne?"

Ya ce, "Na wannan makon ne. A firji yake, bai taɓa ɗumi ba."

Ta ce, "Ka ga gishirin nan? Wanda jininsa ya kai haka ba ya zuwa da ƙafarsa, ɗauko shi ake yi. Mai wannan jinin yana ina?"

Ya ce, "Tana gida tana soya sambusa."

Ta ce, "To ba jininta ba ne wannan."

Ya yi mata bayanin tsofaffin da ba su da takarda. Matar nan ta tausaya. Ba ta kai ƙararsa ba. Ta ce masa, "Ba sai ka yarda da maganata ba. Miƙo hannunka." Ta ɗebi jininsa kwalba biyu, bayan ya sha shayinsa mai zaƙi. Ɗaya ta juya ta auna nan take. Ɗayar ta ce ya tafi da ita ya yi mata yadda yake yi wa na mutane, ya dawo da ita wata Juma'ar.

Ya yi hakan. Ya dawo da ita, aka auna a gabansa. Hannu ɗaya, jijiya ɗaya, zama ɗaya aka ɗebe su, amma sai ka rantse na mutum biyu ne. Sukari ya faɗi warwas, gishiri ya yi sama. Da idonsa ya gani.

Ta ce masa, "Ka kawo su da kansu, ko ka kawo jinin da ɗuminsa. Zan yi wa mai asibitin magana, akwai ranar da muke duba marasa hali. Amma waɗanda ka riga ka gaya wa lafiyarsu lau, ka koma ka gaya musu a sake. Halas, mun gama magana?"

Ya ce, "Halas."

Bai koma ya gaya wa kowa ba. Bai kawo kowa ba. Abin da ya canza kawai shi ne ya ƙara kula kada ta sake kama shi.

Me ya hana shi? Ku tambayi zuciyarku, don irin tasa ce. In ya kawo jini da ɗuminsa, sukarin Hajiya zai fito a sama yadda yake. Albarkar hannu ta tafi ke nan. Zai koma mai ɗibar jini kamar kowane mai ɗibar jini. Kuma sai ya bi gida gida yana cewa, abin da na gaya muku ba haka ba ne. Ya auna wannan a ransa ya ga ya fi ƙarfinsa. Sai Shaiɗan ya ba shi abin da zai riƙe: ai kwanciyar hankali ma magani ce, ai tsofaffi ne, a bar su su ji daɗi.

Yanzu mu koma kan Malam Jaji.

Malam Jaji ya daɗe da ciwon sukari. Tun iƙamarsa tana da rai likita ya ɗora shi a kan allura, kullum sai an yi masa. Bayan kafilinsa ya rasu takardarsa ta tsaya, 'yarsa Yasmin ce take sayo allurar a kantin magani tana yi masa. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Tana da ɗan injin nan na huda yatsa, tana auna shi da shi. Malam Jaji kuwa babu abin da ya tsana kamar allurar nan. Yakan ce, "Ni da na ƙare rayuwata ina soka allura a tufa, yau ni ake sokawa."

Da ya ji ana ta yabon hannun yaronsa, sai ya ce shi ma a ɗebi nasa. Aka ɗiba. Ya kwana a firji kamar na kowa. Ya fito da kyau kamar na kowa.

Ana gab da azumi, wata rana bayan la'asar, mutane sun taru a shagon Malam Jaji kamar yadda suka saba, ana shan shayi. Akwai Usuman abokin Malam, mai sayar da turare, wanda ba ya barin magana ta wuce shi. Dakta ya shigo, aka matsa masa kujera.

Malam Jaji ya ce, "Yawwa, ga mai raba gardama. Gaya musu abin da ka gani a jinina."

Ya ce, "Lafiya lau, Baba. Sukarinka ya sauka."

Usuman ya ce, "Ai dole ya sauka. Mutumin da rowa ta hana shi zuba sukari a shayin baƙi, ina zai same shi a jini?"

Aka yi dariya. Yasmin tana daga ƙofar ciki, ta leƙo. Ta ce wa Dakta, "Ya Ammu, ni ban gane ba. Injina kullum yana nuna sama, wallah sama sosai. Naka yana nuna ƙasa. Yaʿni wanne ne daidai? Baba yana so ya bar allura ya yi azumi. In ka ce ya bari, zai bari. In ka ce kar ya bari, maganarka kawai yake ji."

Kowa ya juyo yana kallon Dakta.

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku dubi mutumin nan. Allah ya kawo masa ƙofa har gabansa, a buɗe. Ba a ce ya tona kansa duka ba. Da cewa ya yi, kar ya bari tukuna, a sake aunawa, da ya wadatar. Ga mutumin da ya ci da shi a kwano ɗaya yana zaune yana jiran bakinsa. Kuma ya san gaskiya, ya gan ta a jinin hannunsa.

Amma ga Usuman, ga sauran mutane, ga kujerar da aka matsa masa.

Ya yi murmushi ya ce, "Yasmin, wannan ɗan injin na kanti za ki haɗa da na ɗakin gwaji? Nawa ya kai firjin gidanku girma. Naki abin wasan yara ne. Baba ya huta da allura, halas."

Malam Jaji ya tafa hannu ya ce, "Kin ji ko? Yalla, kai shi bola." Usuman ya ce, "A'a, ba ni shi in riƙa auna zumar da ake kawo mini." Aka sake yin dariya. Yarinyar ta koma ciki. Wace ce ita da za ta ja da Dakta a gaban manya?

Aka bar allura. Malam Jaji ya yi azuminsa, yana buɗe baki da dabino da abin shan nan mai zaƙi, subiya, da duk abin da aka daɗe ana hana shi, yana gode wa Allah da ya ba shi ɗa likita.

Ciwon sukari ba ya ihu. A hankali yake aikinsa, kamar gara a cikin azara. Malam Jaji ya fara yawan ƙishirwa. Ya fara ramewa, rigunansa suka yi masa yawa. Sai zare ya fara ƙin shiga allurar keke. Ya yi ta lalube, ya kira Usuman ya zura masa. Sai ɗinkinsa ya fara karkacewa, mutumin da a da ake kawo masa aiki daga unguwanni masu nisa.

Ya kira yaronsa ya ce, "Ina ganin kamar hayaƙi a idona. Wani lokaci kamar ƙudaje suna yawo."

Ga ƙofa ta biyu. Har a lokacin da sauran abin da za a ceto.

Ya ce, "Shekaru ne, Baba. Zan samo maka tabarau." Ya kuma ɗebi jininsa, ya kai firji, ya dawo masa da albishir.

Ku gaya mini, wace irin zuciya ce wannan? Ba zuciyar kafiri ba ce, kar ku yi saurin cewa haka. Mutumin nan yana salla a sahun gaba. Yana son Malam Jaji, ni na yarda yana son sa. Amma ƙarya in ta yi tsawo, mai ita yakan zama bawanta. Jiya faɗin gaskiya zai ci masa kujera. Yau faɗin gaskiya yana nufin ya ce, Baba, ni na sa ka bar maganinka alhali na sani. Kullum kuɗin fansar yana ƙaruwa, kullum yana cewa gobe.

Wata safiya Malam Jaji ya faɗi a kan kekensa. Usuman ne ya same shi, numfashi sama sama, bai san wanda ke kansa ba. A nan kam ba maganar takarda, aka kira motar asibiti.

Likitoci suka auna jininsa da ɗuminsa, suka ga sukari ya wuce misali. Suka kuma yi wani gwajin da Larabawa suke kira tarakumi, wanda yake nuna yadda sukarin mutum ya kasance a watannin baya, ba na ranar kaɗai ba. Likitan ya dubi Yasmin ya ce, "Mutumin nan ya daɗe a haka. Wa yake duba shi? Wa ya ce ya bar allura?"

Ta faɗa. Me za ta ɓoye? Ita har a lokacin ta ɗauka likita ne.

An ceto ran Malam Jaji. Idanun ba a ceto su ba. Jini ya riga ya tsiyaya a cikinsu, abin da ya lalace ya lalace. Ya shiga asibiti yana ganin hayaƙi, ya fito a riƙe da hannun 'yarsa. Aka rufe shagon, aka sayar da keken.

Hukuma ta shigo cikin maganar. Aka je gidan mutumin, aka buɗe firji, aka samu kwalaben wannan makon a jere. Aka tafi da shi a gaban matarsa. Razan ma ba ta tsira ba, aka yi ta kiranta ana tambayarta me ya sa ta gani ta yi shiru. Rufin asirin da ta yi masa ya kusa cin aikinta. Haka mai ha'inci yake, har wanda ya tausaya masa sai ya shafa masa baƙi.

Waɗanda suke miƙe masa tsaye su ne suka fara cewa, "Dama ni ban taɓa yarda da shi ba." Matan da suka raɗa masa hannun albarka suka daina gaisa da Zubaidatu. Ta tattara yaranta ta koma gida wurin iyayenta tun kafin a yanke masa hukunci. Ya yi zamansa na kurkuku, sannan aka mayar da shi inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar.

Kafin a tafi da shi, Usuman ya samu ya je ya gan shi. Ba don kansa ya je ba, Malam Jaji ne ya aike shi. Mutumin yana ganin Usuman ya fashe da kuka, yana cewa a roƙa masa Baba gafara.

Usuman ya ce, "Share hawayenka, ba su na zo karɓa ba. Malam ya ce maganar idonsa ya bar wa Allah, ba zai tsaya da kai a kanta ba. Abu ɗaya yake so. Ya ce ba shi kaɗai ka ɗebi jininsa ba. Ka faɗa mini sauran, mu bi su mu gaya musu su koma kan maganinsu tun ba su zama irinsa ba."

Mutumin ya ce to. Ya fara. Ya faɗi Hajiya Lubabatu ta Kurayyat. Ya faɗi wani mai wanki. Ya faɗi wasu 'yan kaɗan. Sai ya tsaya.

Usuman ya ce, "Ci gaba."

Ya ce, "Akwai wata tsohuwa a saman bene, wadda ta ba ni turaren wuta."

"Sunanta?"

"Hajiya nake ce mata."

"Wane bene? Wane layi?"

"Kai ni aka yi a mota. Akwai kuma wani mai ɗingishi da ya yi mini addu'a har ya yi kuka. Akwai wasu mata da aka tara mini a gidan biki."

"Su wa?"

Ya dafe kai, ya yi ta juyawa. Ya tuna wanda ya sumbaci hannunsa. Ya tuna wadda ta ce ya fi likitocin Larabawa. Ya tuna kalmar yabon kowa, ɗaya bayan ɗaya. Sunayensu da gidajensu kuwa babu. Bai taɓa riƙe su ba, don ba su yake kallo ba tun farko, abin da suke faɗa a kansa yake saurare.

Usuman ya miƙe ya ce, "Malam ya yafe nasa. Waɗannan kuma ban san wanda zai yafe maka su ba."

Aka sa shi a jirgi. Na ji labarin yana can, ba aiki, takardarsa ta sana'a ta mutu, matarsa ba ta dawo ba. An ce ba ya iya zama wuri ɗaya. In ya ji wani ya dawo daga Jidda sai ya bi shi yana tambaya, ka san wata tsohuwa a saman bene? Ka san wani mai ɗingishi? Mutane suna ɗauka taɓuwa ce. Yana kiran lambobin da ya sani a nan, ba mai ɗauka. Yana son ya gyara, an rufe masa hanyar gyara. Wannan ita ce asarar da ta fi kurkuku.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai yi sata ba. Bai sha giya ba, bai nemi matar kowa ba. Son a yabe shi ne ya kai shi inda ya kai. An ba shi amanar jinin mutane, ya san abin da yake mayar musu ba gaskiya ba ne, ya zaɓi a ci gaba da kiransa Dakta. Malamai sun karantar da mu cewa mai ha'inci ya fita daga sahunmu, kuma amana za a tambaye ta ko ta tsinke ce. To ina ga ta idon mutum?

Kowannenmu akwai abin da mutane suke karɓa daga bakinsa ba tare da sun iya bincikawa ba. Makanike ya ce birki lafiya. Mai gini ya ce ginshiƙi zai ɗauka. Mai fassara ya ce ga abin da takarda ta ce. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. In ka faɗa sannan ka gano kuskure ne, ka koma da ƙafarka a ranar, tun kunyar tana ƙarama, tun kana iya samun ƙofar gidan.

Mu ma masu sauraro da namu laifin. Me ya sa muka guje wa mai gaya mana gaskiya muka bi mai gaya mana daɗi? Yarinya ta auna ubanta kullum, ta faɗi abin da ta gani, muka yi mata dariya.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce dalilin da ya sa na kawo labarin nan. Mutanen da ya kasa tunawa suna nan cikin garin nan. Wataƙila wata tana gidanku. Wataƙila kakarka ce, ko maƙwabciyarki ta sama, tana zaune da albishir ɗin da aka yi mata, ta ajiye maganinta. Duk wanda ya san tsoho ko tsohuwar da aka taɓa bi gida aka ɗebi jininta aka ce mata ta warke, don Allah kar ya kwana bai je ya ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. A kai ta a sake aunawa a inda ake auna jini da ɗuminsa. In tsoron takarda ne, a zo a same mu, za mu san yadda za a yi. Usuman ya samo wasu. Sauran ba mu san su ba, sai ku.

Allah ya kiyaye mu da son yabon da zai rufe mana baki a inda ya kamata mu yi magana. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya miƙo mana hannunsa. Ya ba Malam Jaji ladan haƙurinsa, ya haskaka masa kabarinsa ranar da zai shige shi. Waɗanda ba a samo ba, Allah ya kai mu ƙofarsu da sauran lokaci. Shi kuma wancan bawan, Allah ya dubi nadamarsa, ya sa mu ɗauki darasi da shi, kar a ɗauka da mu. Amin.